Wanda ba a tarar a gida ba: suka a kan yadda ake auna rashin amsa a binciken zirga-zirgar birane

Duk wanda ya taɓa buɗe rahoton bincike a kan zirga-zirgar mutanen birni ya san shafin da za mu yi magana a kai. Yakan zo ne can wajen ƙarshen babin hanyoyin aiki, sakin layi ɗaya ko biyu: an zaɓi gidaje kaza, kaza daga ciki sun amsa, an daidaita nauyin amsoshin bisa ƙidayar jama'a. Daga nan sai jadawali da taswira su biyo baya, har a kai ga shawarar inda za a shimfiɗa hanya ko a kafa gada, ba tare da an sake waiwayar waɗanda ba su amsa ba. A cikin wannan ɗan nazari muna so mu tsaya a kan wannan shafi. Ra'ayinmu shi ne, ma'aunin da masana sufuri suka saba amfani da shi wajen auna rashin amsa ya dace da biranen da aka ƙirƙiro shi dominsu, amma a birane irin su Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa yana iya rufe ɓarakar da ya kamata ya tona. A can, mutum yakan ƙi amsawa a rubuta cewa ya ƙi. A wajenmu kuwa, rashin amsa yakan shiga cikin takarda da kamannin amsa.

Abin da ake yi da amsoshin

Dabarar kintata yawan zirga-zirga ta samo asali ne a Amurka, daga binciken da aka yi a Detroit a 1953 da wanda ya biyo bayansa a Shikago cikin shekarun 1950. Ita ce ake kira tsari mai hawa huɗu. Akan yanka birni shiyya-shiyya. A hawa na farko sai a lissafa tafiye-tafiye nawa kowace shiyya ke fitarwa a yini, nawa kuma take jawowa. A na biyu a raba su, a samu jadawalin daga-ina-zuwa-ina, yawanci da ƙa'idar da ke cewa babbar shiyya ta fi ja, nisa kuma yana rage ja. A na uku a kasa su tsakanin ƙafa da babur da taksi da mota. A na huɗu a ɗora su bisa hanyoyi, a ga wadda za ta cushe nan da shekara goma ko ashirin. Abin lura shi ne, kowane hawa daga na ƙasa yake cin abinci, na ƙasa kuma daga binciken gida-gida, watau abin da Faransawa ke kira enquête ménages déplacements. A Faransa an tsayar da ƙa'idarsa tun cikin shekarun 1970: mai tambaya ya je gida, ya zauna da kowane ɗan gidan, ya tambaye shi duk inda ya je jiya.

Lissafin ɓarnar da rashin amsa ke yi ba shi da wuya. Girman kuskure shi ne kason waɗanda ba su amsa ba, a ninka shi da bambancin da ke tsakaninsu da waɗanda suka amsa. Mu ɗauki misali na ƙage don a gane. A ce cikin mutum 100 an samu 80, kowannensu yana tafiya sau 3 a yini, 20 ɗin da ba a samu ba kuwa sau 6. Bincike zai ce 3, gaskiya kuwa 3,6. A ido ba wani abu ba ne, amma a birni mai mutum miliyan ɗaya tafiya 600.000 ke nan a kowace rana da tsarin bai san da su ba. In kuwa 20 ɗin nan ba su da bambanci da sauran, babu kuskure ko kaɗan. Wannan shi ne abin da Robert Groves ya nanata a 2006, sa'an nan shi da Emilia Peytcheva suka ƙarfafa a 2008 bayan sun tattara nazarce-nazarce 59: yawan waɗanda suka amsa shi kaɗai ba ya nuna girman kuskure. Tun a 1936 mujallar Literary Digest ta koyi wannan darasi, lokacin da amsoshi fiye da miliyan biyu suka sa ta ce Landon zai kayar da Roosevelt.

To, a binciken zirga-zirga bambancin nan kusan kullum yana nan, domin abin da ake son aunawa shi ne kansa ke hana a samu mutum. Wanda ya fi kowa yawo shi ne ba ya gida idan an buga ƙofa. Idan kuma ta gidan waya aka aika da takarda, al'amarin yakan juye: Werner Brög da abokan aikinsa, a binciken KONTIV na Jamus da aka fara a 1976, sun lura cewa waɗanda sai an yi ta tunatar da su kafin su amsa sukan rubuta tafiye-tafiye kaɗan. Daga baya Anthony Richardson, da ya yi aiki a Melbourne, ya ja hankali cewa wani ɓangare na ragin ba na zama a gida ba ne, na ƙosawa ne: wanda aka dama yakan cika takarda da gaggawa don a rabu. Muna yaba wa waɗannan masana, domin sun ɗauki matsalar da muhimmanci. Sai dai duk aikinsu ya ginu ne a kan abu ɗaya da suke da shi: jerin sunaye ko adireshi, wanda za a iya cewa wannan ya amsa, wancan bai amsa ba. Damuwarsu ita ce kason masu amsawa yana raguwa, kamar yadda ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 a binciken ƙasa na Amurka na 2017.

Inda rashin amsa ke ɓuya a wajenmu

A garuruwanmu ba kasafai ake korar baƙo daga ƙofar gida ba, balle in mai unguwa ya riga ya sanar da zuwansa. Saboda haka binciken gida-gida a Afirka ta Yamma yakan fito da kason amsa mai daɗin gani, wanda ɗan Amurka zai yi kwaɗayinsa. Muna jin tsoron kallon kitse ne ake yi wa rogo, kuma ga dalilanmu.

Na farko shi ne musanyar gida. Inda babu jerin adireshi mai inganci, akan ce wa mai tambaya ya ƙirga ƙofofi, ya shiga ta biyar ko ta goma. Idan ya tarar da ita a kulle, al'adar aiki ita ce ya shiga ta maƙwabci. Takarda ta cika, lissafi ya cika, ba a rubuta rashin amsa ba. Amma wane ne ke kulle ɗakinsa tun safe har dare? Gwauron da ke haya shi kaɗai, ɗan kasuwar da ke shago, direba, miji da matar da dukansu ke aiki. An cire masu yawo an sa masu zama a madadinsu, kuma babu alamar da ta rage a cikin takarda.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne amsar wakilci. Mai tambaya namiji yakan tsaya ne a zaure ko a ƙofar gida. Maigida ya fito, a gaisa, ya ba da nasa labari, sa'an nan ya ba da na iyalinsa. Idan aka tambaye shi ko uwargida ta fita jiya, amsar da mutunci ya yarda da ita a gaban baƙo sananniya ce, musamman a gidan da ake kulle. Ba muna cewa ƙarya ya yi ba. Wataƙila bai sani ba, tunda shi ma yini ya yi a waje. Wataƙila kuma a ganinsa zuwa barka ko gaisuwar rasuwa a bayan gida, ko kai yaro likita, ko makarantar Islamiyya bayan magariba, ba su kai a kira su fita ba. Ga kuma zirga-zirgar da matar ke yi ba da ƙafarta ba: yarinyar da ke kai mata talla, yaron da ake aika niƙa ko sayen cefane sau huɗu a yini. Tattalin arzikin matan kulle a ƙasar Hausa bisa ƙafafun yara yake tafiya, alhali yawancin bincike manya da matasa kawai yake tambaya, a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba. Haka kuma mai mata biyu a unguwanni biyu, wanda rabon kwana ke sa shi ratsa gari kowane kwana biyu: a wane gida za a ƙirga shi? In an ƙirga a duka biyu an ninka shi, in kowane gida ya ɗauka yana ɗayan ya ɓace.

Na uku ya shafi harshe, kuma a nan ne ya kamata sashe irin namu ya sa baki. Takardar tambayoyi da Faransanci ake rubuta ta, mai tambaya kuma shi ke juya ta da baki zuwa Hausa ko Zabarmanci, kowa da irin tasa fassara. Kalmar déplacement a wurin masanin sufuri tana nufin duk wani motsi daga wuri zuwa wuri a bisa hanyar jama'a don wata bukata, ko da zuwa shagon kan kwana ne. Idan aka ce wa Bahaushe «ka yi tafiya jiya?», barin gari zai fahimta, sai ya ce a'a. Idan aka ce «ina ka je jiya?», dattijon da ya je masallaci sau biyar, ya zauna majalisa, ya leƙa kasuwar unguwa, zai ce «ban je ko'ina ba», kuma a Hausance gaskiya ya faɗa. Matashin da ya kwana rabin dare a fada wajen shan shayi shi ma haka zai ce. A Turai ma an san da wannan: Jean-Loup Madre da Kay Axhausen da Brög sun nuna a 2007 cewa yawan masu cewa ba su fita ba yana bambanta ƙwarai daga bincike zuwa bincike, kuma wani sashe nasa ƙin amsa ne cikin ladabi, tunda wanda ya ce bai fita ba an gama da shi cikin minti ɗaya. Su sun kintata cewa waɗanda da gaske ba su fita ba a ranar aiki ba za su wuce kashi 8 zuwa 12 cikin 100 ba. Wannan adadi na biranensu ne, ba za mu ɗauko shi mu ɗora wa Damagaram ba, amma dabarar tuhumar amsar «ban fita ba» ta fi zama wajibi a inda kunya da kara suka hana a ce wa baƙo «ba ni da lokaci». Kada mu manta kuma shi kansa mai tambayar, idan bisa yawan takardu ake biyansa, amsar nan ta yi masa daɗi.

Akwai kuma waɗanda ba su da gida a ma'anar bincike: ƴan cin rani da ke kwana a zaure ko rumfar kasuwa, almajirai, masu gadin kangon gini, ƴan ga-ruwa. A ƙa'idar masana wannan ba rashin amsa ba ne, rashin shiga jeri ne tun farko, amma sakamakon ɗaya ne, kuma su ne suka fi kowa taka ƙasa. Sai wanda ke da dalilin ɓoyewa: ɗan kabu-kabun da babur ɗinsa ba shi da takardu, ko mai kai-komo tsakanin Maraɗi da Jibiya, waɗanda duk mai biro da takarda kan tuna musu da lanho ko duwan.

Ya kamata mu faɗi alherin waɗanda suka riga mu. Masu binciken ɗakin nazarin tattalin arzikin sufuri na Liyon, wato Lourdes Diaz Olvera da Didier Plat da Pascal Pochet, sun yi aiki a kan binciken Wagadugu na 1992, da na Bamako na 1993, da na Yamai na 1996. Sun ɗauki tafiyar ƙafa a matsayin tafiya, suka nuna cewa fiye da kashi biyu cikin uku na zirga-zirgar mutanen Yamai da ƙafa ake yin ta, suka kuma fito da tazarar da ke tsakanin maza da mata, da tsakanin masu hali da talakawa. Wannan ya isa ya nuna cewa idan an yi tambaya da kula, hoton birni yakan sake. Sai dai Yamai ta 1996 gada ɗaya gare ta, ta Kennedy. An buɗe ta biyu a 2011, ta uku a 2021, kuma a ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura miliyan ɗaya.

Daidaita nauyi ba ya dawo da wanda ya ɓace

Maganin da rahotanni suka fi dogara da shi shi ne daidaita nauyi. Idan ƙidayar jama'a ta ce samari kashi kaza ne, bincike kuma ya samu ƙasa da haka, sai a ƙara wa kowane saurayin da aka samu nauyi har lissafi ya yi daidai. Hanyar tsohuwa ce, Deming da Stephan sun bayyana ta tun 1940. Amma sharaɗinta, kamar yadda Donald Rubin ya fayyace a 1976, shi ne a cikin kowane rukuni wanda ba a samu ba ya yi kama da wanda aka samu. Wannan sharaɗi shi ne ainihin abin da ya karye. Saurayin da aka tarar a gida da hantsi, don ba shi da aiki ko ba shi da lafiya, shi ake ninkawa ya tsaya a madadin wanda ke bisa babur tun asuba. Shekarunsu ɗaya, jinsinsu ɗaya, unguwarsu ɗaya, yininsu ba ɗaya ba. Game da matar da mijinta ya amsa mata kuwa, nauyi ba shi da abin gyarawa, domin a takarda tana nan.

Ita kanta ƙidayar da ake jingina da ita tana tsufa. An yi ta a Nijar a 1977 da 1988 da 2001 da 2012, watau tazarar shekara 11 zuwa 13, a ƙasar da jama'arta ta ƙaru da kusan kashi 4 cikin 100 a shekara tsakanin ƙidayoyi biyu na ƙarshen jerin nan. Unguwannin bakin gari, inda nisa ya fi yawa kuma taksi ya fi wuya, su ne ke tsirowa tsakanin ƙidaya da ƙidaya. Ko dabarar Manski da Lerman ta 1977, wadda ke gyara hawa na uku idan masu wani irin abin hawa sun yi yawa ko kaɗan a cikin waɗanda aka tambaya, tana bukatar a riga a san ainihin kason kowane abin hawa a birnin, abin da shi ne ake nema.

Masu kare tsarin suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce ba a barin sakamakon bincike haka nan, ana gwada shi da ƙirgen da aka yi a bakin hanya, a gyara har su dace. A Yamai kogin Kwara ya sauƙaƙa wannan: duk mai zuwa Harobanda da abin hawa sai ya bi gada, a tsaya a ƙirga. Mun yarda wannan yana gyara wani abu. Amma me yake gyarawa? Motoci da babura da faba-faba da ke bin manyan hanyoyi. Matar da ta ratsa lungu uku a Bukoki zuwa famfo ba ta bi ta gaban mai ƙirge ba, kuma tunda tafiyarta ta fara ta ƙare a cikin shiyya ɗaya, hawa na huɗu ba ya ɗora ta a bisa kowace hanya. Ashe gyaran bai raba kuskure daidai ba: ya share shi daga kan masu abin hawa, ya bar shi dungurungum a kan masu ƙafa. Haka nan, da yake gajerun tafiye-tafiye su ne aka fi mantawa, ƙa'idar nisa ta hawa na biyu za ta koyi cewa mutanen birnin sun fi tafiya nesa fiye da yadda suke yi. Tsarin da aka ciyar da irin wannan abinci, idan aka tambaye shi me birni ke bukata, faɗaɗa manyan hanyoyi zai ce. Gefen hanya na masu ƙafa, da fitilar lungu, da magudanar da za ta sa a iya ratsa unguwa da damina, ba za su fito a lissafinsa ba, ba don wani ya ƙi su ba, sai don masu bukatarsu sun faɗi tun a zaure.

Wasu suna ganin wayar salula ta kawo ƙarshen matsalar, tunda waya ba ta ƙin amsa. Kamfanin Orange ya buɗe wa masu bincike bayanan kiran waya na Kodebuwa a 2012, da na Senegal a 2014, an kuma yi amfani da na farko wajen nazarin layukan bas na Abijan. Aiki ne mai amfani. Amma waya tana ganin mai waya ne kawai, mai yawan kira ya fi bayyana, mai layi biyu ya zama mutum biyu, motsin da bai fitar da mutum daga inuwar eriya ɗaya ba kuma ba a ganinsa. Yarinya mai talla da matar da ke aron wayar mijinta sun sake ɓacewa, wannan karon ma babu shafin da zai ambace su.

Abin da muke nema ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma yawancinsa tsoho ne. Hansen da Hurwitz sun ba da shawara tun 1946 cewa a ɗebi kaɗan daga cikin waɗanda ba a samu ba, a bi su da naci har a same su, a auna bambancinsu. A wajenmu wannan na nufin komawa ƙofofin da aka tarar a kulle bayan isha'i ko ranar hutu, ko da guda ɗaya cikin biyar ne. Politz da Simmons a 1949 sun kawo wata hanya mai arha: a tambayi wanda aka samu kwana nawa cikin kwanakin baya yake gida a daidai wannan lokaci, wanda ba ya yawan zama a ƙara masa nauyi. Mata su tambayi mata a cikin gida. A rubuta fassarar Hausa da ta Zabarmanci a takarda, a gwada su kafin a fita, a daina bar wa kowane mai tambaya. A sake ginin tambayar kanta, a bi yinin mutum da lokutan salla: bayan asuba me kika yi, a ina, daga nan fa, har zuwa kwanciya. Wanda ya ce bai je ko'ina ba, ta wannan hanya zai lissafa masallaci da majalisa da kansa. A kula da ranakun kasuwa, domin Litinin da Juma'a a Maraɗi, ko Alhamis a Damagaram, ba kamar sauran ranaku ba ne, haka ma rani da damina da watan azumi.

A takardar tambayoyin kuma a ƙara gurbi biyu: ɗaya a rubuta ko wannan gida shi aka zaɓa tun farko ko musanya ne, ɗaya a rubuta ko mutumin da kansa ya amsa ko wani ya amsa masa, da dangantakarsu. Sa'an nan rahoto ya buga matsakaicin yawan tafiye-tafiyen matan da suka yi magana da bakinsu kusa da na waɗanda mazajensu suka yi magana a madadinsu, a jadawali ɗaya, kafin a shiga hawa na farko.